Bawon Albasa a Wad Madani

Dakta Awadiyya ba ta ja gaisuwa ba.
"Bakwai da rabi nake rufe ƙofa.
Fashi uku, sai baɗi.
Farar riga, rufaffen takalmi.
Shayi ya tsaya a gindin bishiya.
Mai zana abin da bai gani ba,
shi da ɓarawon amsa, hukuncinsu ɗaya."

Sai aka ɗauke wuta.
Muka ja madubai bakin taga
muka ari rana.

Ga albasar da babana ke nomawa a Maiwurno,
ɗaki-ɗaki kamar gidan haya,
kowane ɗaki da maigidansa, ɗigo guda.

Hoton littafi cike yake fal.
Ni ƙwaya goma sha ɗaya na ƙirga,
biyu ma sun fashe.
Haka na zana su.