Lambar Mutari

Alhamis ce, wannan kam ban manta ba,
Kasuwar Dole ta cika har bakin titi.
Ina durƙushe ina auna wa wata tsohuwa tattasai,
tana rantsuwa tiyata ba ta cika ba,
sai waya ta yi ƙara a aljihuna.
Na ce bari in sallame ta tukuna.

Sau biyu ta yi.
Ba ta yi na uku ba.

Kai ne, Mutari,
can gabas, bakin ruwa,
motarka rabin lodi, buhunan banda na jiran igiya.
Da la'asar rediyo ya ce an shiga garin da hantsi.
Mai labarai ya faɗi adadi, ya gyara murya,
ya ƙara wasu a kai.
Bai kira sunan kowa ba.

Inna na tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.
Ta ce a miƙo mata buta.

Kwana tara muna tasha,
ni da Zuwera da cikinta wata bakwai,
duk motar da ta biyo hanyar Gure sai mun leƙa.
Mutane na saukowa da tabarmi, da tukunya ɗaya,
wani dattijo rungume da ƙyauren ɗakinsa.
Ran na goma yaron motarka Ilu ya sauko,
makulli rataye a wuyansa.
Ya gan mu, ya zauna a ƙasa.

Muka yi maka salla, gabanmu babu makara.

Shekara goma ke nan.
Ɗanka yana lakwal, aji biyar,
yana hawan duwatsun Birni kamar ɗan akuya,
wushiryarka ce sak a bakinsa.
Ya taɓa tambayata yaya muryarka take.
Na buɗe baki, na rasa.

Lambarka ban goge ba.
Bara, cikin goman ƙarshe na azumi, na danna.
Wata mata ta ɗauka, daga Tanut,
ina jin awaki a bayanta.
Ta ce wa ake nema?
Na ce kuskure ne, baiwar Allah.
Ta ce ba komai, Allah ya haɗa ka da shi.
Na ce amin.

Tsohuwar nan kuwa na cika mata har da gyara,
tattasan dala ashirin.
Har yau ina zaune a rumfar.
Masu ciniki sun san halina:
in waya ta yi ƙara,
ko tiya na hannuna, sakinta nake.