Kilo Biyu da Rabi

Shagona kejin ƙarfe ne a bakin layin dogo,
Agege, inda jirgi ke girgiza kwanon rufi.
Babana goro ya sayar a nan, shekara talatin.
Ni iska nake aunawa,
abin da ido bai gani sai sikeli ya faɗa.
Na gaji rumfar goro, na koma dillalin wuta.

Iya Mulika ta zo da farar safiya, tukunya a ka:
"Jatau, kilo biyu da rabi, kada ka wuce."
Bara shida take saye. Ban tambaye ta ba.
Na ga buhun gawayi a bayan teburin ƙosanta,
na ga baƙin da ya koma gindin kaskonta.

Ƙanena Barmo yana bin jirgin kaya
can gaba da Badagiri, inda ƙasa ta ƙare.
Ya ce wani ƙarfe na tsaye a tsakiyar teku,
ya soka dogon baki ƙasa kamar sauro,
ba dare ba rana.
Ya ce, "Yaya, abin da ke ƙarƙashin ruwan nan
zai dafa wa jikokinmu tuwo, har ya yi saura."
Na ce to, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Rediyo ya ce mun kusa tsayawa da ƙafarmu,
mun kusa daina sayen garwashi a ƙetare.
Da batir na ji labarin,
don tun Litinin aka ɗauke mana wuta.
Gas ɗin namu ne, tekun namu,
amma in dala ta yi atishawa
farashin da na rubuta da alli sai ya kama mura.

Laraba mutumin Alausa ya zo da rasit,
takalminsa na ƙyalli, ya tsallake kwata.
Jiya na ƙaramar hukuma, gobe na ƙungiya.
Shi ne ya ce min masu haƙa a teku
ana ba su hutun haraji, don kada su gudu.
Ashe haraji ma yana hutu?
Nawa ko gyangyaɗi bai taɓa yi ba.

Ban ƙi biya ba, Allah shaida.
A asibitin gwamnati aka haifi Tasallata,
gadar da nake hawa ba kakana ya gina ba.
Abu ɗaya na roƙa:
a ɗora nawa da nasu a sikeli guda,
mu tsaya mu ga inda allura za ta karkata.

Da almuru nakan kaɗa ruwan sabulu,
in shafa a wuyan kowace tukunya.
Inda ke yoyo, kumfa ke tona shi.
Wa zai shafa wa ƙasar nan sabulu?

Na ja ƙofa, na sa kwaɗo.
A gida Ladiyo tana hura gawayi,
hayaƙi na cin idonta.