A Ɗauka Igiyar Ba Ta da Nauyi

Ƙarfe huɗu na asuba a Kota.
Fanka tana dama zafin jiya a kaina.
Sugandha ta yi barci da biro a hannu,
kumatu a kan shafin alwatika,
tawada ta zana mata kusurwa a haɓa.

Tambaya ta goma sha bakwai:
akwati ne a kan gangare,
kilo hamsin, digiri talatin,
an ɗaura masa igiya ana riƙe da shi.
A ɗauka, in ji littafi, igiyar ba ta da nauyi.
A ɗauka gangaren sumul yake, ba gogayya.
Nemi ƙarfin da ake bukata.

Na ajiye biro.

Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin babana ba
a hawan gada can Darbhanga,
amalanke maƙil da jan bulo,
igiyar rama ta sha ruwan damina
ta yi nauyi kamar bashi,
ta ci kafaɗarsa har ta fitar da hanya
inda gashi ya daina tsirowa.
Gogayya kuwa, a tambayi silifas ɗinsa:
ƙafa uku yake kashewa a shekara.

Mu ɗari da tamanin ne a aji guda.
Malam Trivedi, alli har a gira,
ya ce, "Ku raba nauyi gida biyu,
ɗaya ya bi gangare, ɗaya ya danne ƙasa."
Wata biyu ina zana kibiyoyi,
ban san wa nake harbi ba.
Sai ranar da na tuna Baba ba ya hawa a miƙe,
a kaikaice yake bi, hagu, dama, hagu,
yana sace wa tudu kaifinsa kaɗan-kaɗan.
Ashe ya san kusurwa tun ban zo duniya ba,
sunanta ne kawai ba a gaya masa ba.

Gwajin Lahadi ba ya wasa:
ka dace, maki huɗu,
ka kuskure, a zare ɗaya daga wanda ka tara.
Alamar ɗebewa guda,
ɗan tsinke a kwance,
na yar da ita a layi na uku ban sani ba.
Ɗan hakin da na raina.
Ran Talata na nemi sunana a allon sanarwa,
na durƙusa kafin na gan shi.

Bhanwarlal mai shayi ba ya tambayar maki.
Fuska yake karantawa.
Ranar ya ƙara mini citta,
ya tura kacori guda gabana
ya ce na jiya ne, ba na sayarwa ba.
Da zafinsa na ci.

Da dare Inna ta kira.
"Kina ci?" Ina ci.
"Kina barci?" Ina yi.
Ni ma ban tambayi tukwanen tagulla ba,
na san a shagon wa suke kwana.
Kowa ya riƙe nasa gefen igiyar,
kowa ya ce ba nauyi.

To.
Na ɗauki biro.
Hamsin sau tara da ɗigo takwas,
a raba biyu, albarkacin digiri talatin.
Ɗari biyu da arba'in da biyar.
Na leƙa bayan littafi: haka ne.
Daɗin ya zo, ba zan ɓoye ba,
irin na mabuɗi in ya faɗa cikin kwaɗonsa.

A gefen shafi, da fensir, ƙanana,
na ƙara abin da aka ce a manta:
ruwan da rama ta sha,
tsakuwa a ƙarƙashin taya,
shekara hamsin da biyu na mai ja.
Wata rana in an ba ni gada in zana,
da su zan fara.

Sugandha ta motsa, ido a rufe:
"Sha bakwai, nawa kika samu?"
Na gaya mata. Ta koma.

Tambaya ta goma sha takwas:
dutse a bakin zare, yana lilo.
A ɗauka babu iska.

Daga wajen kogin Cambal
wani abu ya ɗaga labule,
ya juya mini shafi.