Sunan Asu

Da farin zanen gadon Inna muka kama shi,
a dajin Bobiri, bayan ruwan la'asar ya ɗauke.
Ntim ya rataye fitila, janareto na tari,
ƙwari suka yi ta zuwa kamar an ce ana rabon goro.
Shi can bakin zanen ya sauka,
bai yi rawa ba, bai nemi wuta ba,
ya shimfiɗa fukafukai kamar baƙon da ya san gidan.

Ni 'yar maɗinki ce daga Asawase.
A gidanmu asu ɓarawo ne.
Baba Mutaru kan zuba kafur a kowace adaka,
in ya ɗaga rigar saƙi ya ga huji
sai ya ja tsaki har maƙwabta su ji.
Yau ga ni da allura babu zare,
ina soke ɓarawon a ƙirji, a hankali,
kamar mai neman gafara.

Milimita talatin da ɗaya, gefe zuwa gefe.
Launin goron da aka ɓare aka manta a faranti.
Na share garin fuffuke da ɗan buroshi,
jijiyoyi suka fito kamar lungunan Kejetia:
wannan ta rabu biyu tun daga tushe,
waccan ta ƙi rabuwa sai da ta kai gaɓa.
Na ƙirga. Na sha shayi. Na sake ƙirgawa.

Ƙahonninsa mataji ne, haƙora hagu da dama,
da su yake shinshino mace daga ƙetaren rafi.
Ƙaya huɗu a ƙafar baya.
Wata 'yar ƙugiya na ɗaure fuffuken gaba da na baya
kamar maɓallin wuyan riga.
Inda baki ya kamata ya zauna, wayam.
Ya ci rabonsa tun yana tsutsa,
'yan kwanakin da suka rage, azumi ne da neman aure.

Amma fuska ba ta isa shaida ba,
danginsa duk uwa ɗaya ta rina su.
Sai na yanke ƙarshen ciki, na jiƙa a ruwan magani,
na buɗe abin da kunya ke rufewa
ƙarƙashin madubi, ƙarfe biyun dare.
Kowane iri da mabuɗinsa, ba ya buɗe kwaɗon wani.
Na cikin littafi haƙori biyu gare shi.
Nawa uku,
na ukun ya karkata hagu.

Wata bakwai ina jan durowoyin jami'a,
ina aika hotuna ga mutanen da ban san muryarsu ba.
Amsa ta zo ran wata Talata, layi ɗaya:
ba mu san shi ba.
Ntim ya yi ihu da Tonanci,
ni kuwa na nemi kujera.
Tun ba a sari iccen farko a Kumasi ba yake shawagi,
wai yau shi ne sabo.

Saura suna.
Na hau tirotiro na koma gida.
Baba na bakin shago, keken ɗinki a lulluɓe,
yana ta cinye masa ido ɗaya.
Na ce, Baba, zan raɗa wa asu sunanka,
da 'yar wutsiyar Latin a ƙarshe.
Ya yi shiru har mai koko ta wuce.
Ya ce, Barikisu, yana cin kaya?
Na ce, ko baki ba shi da shi.
Ya yi dariya, dasashi a waje:
To, ya ci sunan.

Na miƙa masa zanen da na yi da fensir.
Ya kai shi dab da idon da ya rage,
ya bi jijiyoyin da farce, ɗaya bayan ɗaya,
yadda yake bin aikin yaransa kafin sallah.
Ya ce, wanda ya yi wannan ɗinki
bai bar bakin zare a waje ba.

Sannan ya dawo mini da takardar:
Duk da haka kar ki shigo da shi shago,
akwai yadin mutane a ciki.