Maɗiga

Kwana biyar, ba a raɗa maka suna ba.
A littafin likita Barira kai ne lamba sha tara,
bakwaini, kilo guda da ɗan ɗori.

Ta ɗora na'ura a maɗigarka,
ƙofar da ba ta rufe ba tukuna.
A allo, kamar hadari kan Gulbin Maraɗi,
da farin ɗigo a hagu.
"Jini ne kaɗan. Za mu bi shi."

Na dangwala yatsa a takardarta
don jariran baɗi.
Zai yi tafiya?
Ta gyara tabarau. Ba ta yi mini ƙarya ba.

Da wuta ta ɗauke
na cusa ka cikin rigata.
Ka ja numfashi, ka manta, ka tuna.
Wannan ƙirgen nawa ne,
ba ya cikin littafi.