Hawa

Likita ya ce jinina ya hau.
Na ce to, ni ma bari in hau.
Na sauko da keken da ke rataye a zaure,
Mudi mai faci ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai
yana dariya: "Alhaji, da wannan tumbin?"

Asabar, an idar da asuba,
mu tara a bakin Gidan Zu,
samari da hular kwano kamar ɓarin kankana,
sai ni, mai hamsin da biyu.
Titi fayau, mai shayi na hura wuta.

Kano shimfiɗe take kamar faifai.
Dala na masu ƙafa ne,
tudunmu na siminti ne:
gadar Ƙofar Nasarawa.

Rabin hawa cinya ta ɗau wuta,
ƙirji na huci kamar zugazugi.
Nafi'u ya dawo gefena:
"Baba, sauke giya. Kar ka dubi sama,
tayata za ka bi."
Na bi tayarsa. Na taka. Na kuma takawa.

A bisa, ga rufin kwano har iya gani,
ga shirwa na shawagi daidai kafaɗata.
Sai gangara.
Iska ta cika min riga,
na ji ihu, ashe ni ne.

Wannan watan jiya ne.
Yau sau uku na haye, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba.
Awon likita sai Talata.
Mudi ya daina dariya,
ya ce in kawo a sake birki.