Takarda Daga Tampere

Takardar ta iso ranar Laraba,
ina wanke kofunan shayi a rumfar Ama
a bakin tafkin Fewa.
Tampere, ƙasar Finland. Karatun jinya.
Ama ta goge hannu a zani kafin ta karɓi wayar,
kamar rubutun zai iya yin datti.

Kafin faɗuwar rana duk Pokhara ta ji.
To, layinmu dai ya ji.
"Pabitra ta haye!"
Baba ya je ya zagayo gonar da zai jinginar,
ya dawo da taɓo har gwiwa, baki har kunne.

Ni kuwa na shige ɗaki na ƙirga ƙwayoyi.
Saura ashirin da ɗaya,
farare, ƙanana kamar tsakin shinkafa.
Wata goma sha huɗu ke nan
suna tokare min rufin kai kada ya rufto.
Ba wanda ya sani sai Likita Thapaliya
da gwangwanin man gashin da nake ɓoye su.

Na tambayi waya tsawon yinin can a Disamba.
Ta ce awa biyar da 'yan kai,
shi ma in gajimare ya ga dama.
Ni da duhu ke kawo wa ziyara da rana tsaka,
ina ga na je garinsu?

Yayana Sujan ya riga ni hawa jirgi.
Sydney. Mun rataya masa furanni har wuyansa ya ɓace.
Bayan shekara biyu ya dawo
da akwati biyu, babu murya.
Maƙwabta suka ce iska ce,
boka ya kwana yana kaɗa ganga a kansa.
Yanzu yana tuƙa baƙi a kwalekwale,
ya san kuɗin awa ɗaya da harshe huɗu,
bai san yadda zai ce "na gaji" da ko ɗaya ba.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta...
Ni ba ni da gemu, amma na ji ƙauri.

Likita ta ce, "Ciwon nan ba ya neman biza,
kujerarki zai zauna.
Sai dai kada ki ɗauka zaman gida na kashe shi."
Na ce, to in je ko in zauna?
Ta cire tabarau ta ce wannan ba ya cikin abin da ta karanta.

Daren Asabar na rubuta wa makarantar.
Ban tambayi kuɗin haya ba, ban tambayi rigar sanyi ba.
Na ce: in ƙarfe ukun dare ya danne ni,
wa zai ɗaga waya?
Layin likitanku sati nawa ne?
In na ce ku jira ni shekara ɗaya,
za ku ba wata kujerata?

Da safe na ajiye gwangwanin kusa da tukunyar shayi,
na buɗe.
Ama ta daɗe tana kallo. Madara ta tafaso ta zube.
Sujan na bakin ƙofa, matuƙi a kafaɗa.
Ya ce, "Gara da kika faɗa.
Ni ban faɗa ba."

Amsa ba ta zo ba tukuna.
Gona tana hannun Baba.
Akwatin Sujan na ƙarƙashin gadona, a buɗe,
na sa safa biyu a ciki,
jiya na ciro ɗaya.